Rigar Baba a Bakin Turke

Zuwa ga Yaya Aminullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nazifa da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Ambursa lafiya lau, sai dai ƙafar Inna da ke tashi idan an yi ruwa.

Maganar bijimin da Baba ya bari a turke ce ta sa na rubuto. Ka san yadda ya kiwata shi don layyar gida. Bai taɓa barinsa ya bi garke ba, sai harawa da dusar gero da 'yar kanwa, da ciyawar burgun da yake yankowa a fadama da hannunsa. To, tun da aka kai Baba makwancinsa bijimin nan ya daina ci. Kawu Maiwada, mahaucin nan na Argungu, ya zo ya laluba tozonsa da gindin wutsiya, ya ce kitse ya fara zubewa. Na ce ko a ba Fulani su tafi da shi kiwo. Ya ce yawo zai cinye duk abin da Baba ya tara, naman ya yi tauri kamar igiya, alhali na turke kitse ke ratsa shi, har tsohuwa marar haƙori ta ci.

Shi ya ba ni shawarar in yafa tsohuwar rigar gonar Baba in kai wa bijimin abinci. Yaya, wallahi ya ci. Ya shinshina hannun rigar, ya yi irin kukan da yake yi idan ya ji babur ɗin Baba. Sai ga Inna ta fito daga madafa da kofin ruwa kamar yadda ta saba kawo wa Baba idan ya dawo, ta tsaya tana kallona, sannan ta koma. Kullum la'asar haka muke yi, shi ya ci, ita ta fito da ruwa. Ni kuwa har tsoron waiwayawa nake ji. An ce sabo turken wawa, to mu ukun duk mun ɗauru.

Yanzu ya murmure, tozo ya cika, Sallah kuma ta matso. Inna ta ce kai ne babba, wuƙa a hannunka take. Ta ce ba za ta hana ba, amma ba za ta iya kai naman bakinta ba. Don Allah ka zo da kanka, kada ka aiko da saƙo. Ranar da aka yanka shi rigar za ta koma akwati, Inna kuma ba ta da sauran wanda za ta fito wa da ruwa.

Ka gaishe da Nazifa, da Mujtaba, da Salwa. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Sakinatu