Gogenki da Kalangun Gaji

Zuwa ga Marie, sanyin idona, ruwan randa a tsakar ranar Arlit, inuwar da nake gudowa in hamada ta ɗau zafi, ƴar Damagaram mai yatsun alheri. Gaisuwa daga Samson naki, bakaniken da baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba.

Marie, shirun nan naki zai kashe ni! Ina ganin alamar kin buɗe saƙona a talho, amma ko uffan ba ki ce ba.

Tsaya ki ji yadda aka yi. Da kika aiko mini sabon kiɗan da kuka ɗauka a Yamai, ke da abokan kiɗanki uku, sai da na ajiye kayan aiki na wanke hannu tas kafin in taɓa talho. Gogenki na Turawa ya fara, babban gogen nan mai muryar bijimi ya amsa, ni kuwa ina jiran mawaƙi. Na jira, na jira, har kiɗa ya ƙare ba wanda ya buɗe baki. Ba waƙa, ba amshi, ba a ambaci sunan kowa ba! Na ce lallai an cuci masoyiyata, mai sutudiyo ya manta da murya. A Maraɗinmu wa ya taɓa jin an goga goge ba a wasa kowa ba?

Sai na kai wa Gaji, mai tura waƙoƙi a kasuwa, ya gyara. Ya ɗora ganga, ya ɗora kalangu, ya rera sunanki da na babanki da na unguwarku da muryar nan ta inji. Na aiko miki ina washe baki, ina jiran godiya. Ban san ja'irin ya tura wa rabin gari ba. Yanzu da shi ƴan kabu-kabu ke tafiya unguwar Akokan, har gwaggonki ta ji a bakin kasuwa. Wayyo ni Samson! Wata da watanni kuna gyaran kiɗan nan, ni na zo na barbaɗa masa yaji kamar tsire.

Kin tuna Lahadin nan bayan an tashi daga majami'a, a tsakar gidan gwaggonki, da kika ɗora goge a kafaɗa kika rufe ido? Kin tambaye ni ko ya yi daɗi, na ce sosai. Gaskiya ɗaya ce, hasken raina, ranar fuskarki nake kallo, ban ji komai ba.

Yanzu na ji. Da tsakar rana in maigida ya tafi cin abinci, sai in shige wata kamiyo, babbar motar kaya ta Agadas da ke jiran gyara, in rufe ƙofa, in sa na asalin, wanda hannun Gaji bai taɓa ba. Ashe hira kuke yi ku huɗu! Wannan ya tambaya, wancan ya amsa, babban ya yi gunaguni, sai naki ya taso siriri ya raba gardama. Can wajen ƙarshe kuma kowa ya yi tsit, sai na ji an ja numfashi kafin goge ya shigo. Numfashinki ne, Marie, ko cikin taron kasuwa zan gane shi. A daidai wurin nan ne Gaji ya fi dukan kalangu. Da na gane haka, kifa kai na yi na sha kuka.

Kawu Bulus ya ɗinka babbar riga, zai je Damagaram da Nowel, lokacin Kirsimeti, ya gaida babanki a kan maganarmu. Jiya ya tambaye ni ko tafiyar tana nan. Me zan ce masa, tauraruwata? Ya hau mota, ko ya ninke rigarsa? Ki yi mini faɗa, ki kira ni kurman garaji, na yarda, amma kada ki bar ni a haka. Na yi miki alkawari, ko tafi ba zan sake ɗora wa kiɗanki ba. Zan zauna, in kama bakina, in saurara har tsufa.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da hannunki zai gaji da riƙe goge,
Samson