Kofin Ruwan Sukhada

Alhamis, 4 ga Afrilu, 1878
Mujalla ta iso daga Kalkata da babi na tara na labarin Nilratan. Ƙanen da na goya da bayana, yau shi ya zubar mini da mutunci. Sukhada, mai takabar cikin labarin, ta saci jiki ta sha ruwa ranar azumin Ekadashi, wanda al'adarmu ta ɗora wa matar da mijinta ya rasu har ƙarshen ranta. Ya yi mata tabo a haɓa irin nawa. Har tarina ya ba ta!

Asabar, 6 ga Afrilu
Ina isa wanka bakin kogi mata suka yi tsit. Sai Goggo Tarini ta ce, "Hemlata, ashe ƙishi na damunki ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya. Tun rasuwar mijina, sama da shekara ashirin, sau biyu a wata nake wannan azumi, ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwarona ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Na sami Nilratan a ɗakin rubutu, tawada har gashin baki. Wai, "Yaya, labari ne fa." Na ce tunda labari ne, ya kashe ta a ƙarshe, gari ya ga ba da yardar gidanmu ta sha ba. Ya ce mai mujalla ma haka yake so. "To zaɓi, kogi ko guba?" Na ce kogi, ba ruwa take nema ba?

Asabar, 13 ga Afrilu
Azumi. Zafi kamar bakin murhu.

Litinin, 6 ga Mayu
Goggo ta hana jikokinta cin abin da na dafa. Ta ce sai ta ga ƙarshen Sukhada a labarin tukuna.
Na rantse ba zan karanta babi na goma ba. Na karanta. Yadda harshe ke mannewa, yadda Sukhada ke jingina kuncinta da randa don ta ji sanyi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Na ce wa Nilratan wa ya faɗa maka? Ya ce yana ƙarami ya sha ganina ina yi, har wata rana ya ɗebo mini ruwa, Baba ya tare shi a hanya ya zane shi.
"Kofin da na kasa kawo miki ne na ba ta, Yaya."
Na ce ya je ya wanke bakinsa. Na shiga ɗakin girki na yi kukana.

Litinin, 3 ga Yuni
Ya kawo babin ƙarshe in duba kafin ya aika. Sukhada ta faɗa kogi, yadda na ce. Na mayar masa, na ce rubutun banza ne, wa ke nutsewa a mashigin nan kafin damina, ruwa iya gwiwa? Ya ce, "To gubar?" Na ce a gidan masu takaba ina za ta samo guba? Ya tattara takardunsa ya koma ɗakin rubutu.

Talata, 11 ga Yuni
Babi ya tafi Kalkata, Sukhada na nan da ranta. Goggo ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba, na sani.
Yau azumi. Randa ta yi sanyi sosai. Da ƙaramin kofin tagulla na sha, bai ma cika ba. Nilratan ya shigo ya gan shi a jiƙe, ya ɗauka ya kife.