Mai Lambun da Aka Hana Shiga Rana

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ciwon ya samu suna. Lupus. Sai da likita ta maimaita kafin bakina ya kama. Wai garkuwar jikina ce ta rikice, ta daina bambance baƙo da ɗan gida, tana ta dukan nata. Ciwon gaɓoɓin nan, gashin da nake tsinta a matashi, jan da ya shimfiɗu a kumatuna, gajiyar da Yaya ke kira son jiki, ashe duk tushensu ɗaya. Na tambaya ko ana warkewa. Ta ce, "Ba a rabuwa da shi, amma ana zaman lafiya da shi."

Ban yi kuka ba. Na biya lambu na duba ko an ba dashe ruwa.

Laraba, 3 ga Satumba

Takardar gwajin jini har ta fara yagewa a wurin ninki. Duk lambar da ta fita daga ƙa'ida an buga mata tauraro a gefe, ni kuwa tawa ta sha taurari. ANA, ESR, C3, C4, sai ka ce lambobin mota. Na shiga waya ina bincike, na ga abin da ya firgita ni. Baban yara ya zare wayar daga hannuna ya kife ta. "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganinki?"

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya ta zo da jiƙo cikin jarka, baƙi ƙirin. Wai shi ya tashi maƙwabciyarta. Na ce me ke damun maƙwabciyar? Ta ce, "Oho, ita ma dai ciwo ne." Na yi godiya, na ajiye bayan ƙofa. Likita ta riga ta roƙe ni kada in sha abin da ba ta sani ba, saboda ƙoda.

Alhamis, 11 ga Satumba

An hana ni rana. Ni! Matar da sana'arta rainon furanni da 'ya'yan itatuwa. Wai rana tana tayar da ciwon. Malafa, doguwar riga, man shafawa. Ƙwayar da aka ɗora ni a kai kuma dangin maganin zazzaɓin cizon sauro ce. Baban yara ya ce to ko ba komai sauro ya shiga uku.

Talata, 16 ga Satumba

Motar dashen lemo ta iso da azahar, masu saukewa suna jifa da su kamar bulo. Ban san lokacin da na fito ba, babu malafa babu komai, har la'asar.

Laraba, 17 ga Satumba

Na kasa buɗe murfin kwalba. Fuska kamar an mare ni. To, na ji.

Laraba, 24 ga Satumba

Asibiti. Na shimfiɗa takardar a teburin likita na ce ni fa taurarin nan sun hana ni sakat. Ta jawo kujera kusa da ni, ta ɗauki biro.

ANA ɗin da na fi tsoro, shi ta fara ja wa layi. "Wannan ya gama aikinsa, ya taimaka mun gane ciwon. Ko kin ji sauƙi zai iya zama yadda yake. Ki manta da shi." ESR kuma kumburi yake nunawa, ko mura na iya ɗaga shi.

Sai ta zagaye waɗanda za mu riƙa bi. Ɗaya mai dogon suna, anti-dsDNA, idan ciwon ya motsa yakan hau. C3 da C4 su kuma sukan sauka, don jiki yana cinye su a wurin faɗan. Na ce, "Wato ɗaya sama, biyu ƙasa, an tashi rigima." Ta yi dariya ta ce haka ne.

Na ƙarshe ba ma jini ba ne, fitsari ne. Ƙoda lafiyayya ba ta barin furotin ya zube. Tawa tana ɗan bari. Ƙoda kuma ba ta ciwo, ba ta ƙorafi, sai a takarda ake kama ta. Kuma lamba ɗaya ba ta ba da labari, sai an jera ta da ta wancan watan.

Na fito da tsoro guda ɗaya maimakon tarin da na shiga da shi. Ya fi sauƙin ɗauka.

Alhamis, 2 ga Oktoba

'Yata babba tana taje min kai, a hankali, tana dunƙule gashin da ya fita a tafin hannunta don kada in gani. Can ta ce, "Umma, ni ma zan yi?"

Na so in ce a'a da ƙarfi. Sai na faɗa mata abin da aka faɗa min: yakan bi dangi wani lokaci, amma yawancin 'ya'yan masu shi ba sa yi. Ta ce to. Ta ci gaba da tazar.

Litinin, 6 ga Oktoba

Furotin ya ƙaru. Za a ɗebi 'yar tsoka daga ƙodar a duba.

Talata, 14 ga Oktoba

An yi. Allura ce ta baya, ina kwance rub da ciki, ma'aikaciyar jinya tana tambayata me ya sa furen da ke tagarta yake zubar da ganye. Na ce ruwa ya yi masa yawa. Bayan nan kwanciya rigingine, ba motsi. Yaya ce ta zauna da ni. Ba ta yi zancen jiƙo ba ko sau ɗaya, ƙafata kawai take matsawa. Da ta ɗauka na yi barci na ji tana share hanci.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ciwon ya taɓa ƙodar, amma an kama shi da wuri, bai yi tabo ba. An ƙara magani. Alhamdulillahi. A mota Baban yara ya kifa kai a kan sitiyari ya daɗe. Ashe shi ma a tsorace yake.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Maganin ya kumbura min fuska. Wata mai sayen fure ta ce, "Kai, hutu ya karɓe ki!" Na ce sosai.

Mun ja rumfar raga a gefen lambu, can nake cika leda da ƙasa ina ɗaura aure tsakanin reshe da reshe. Zagaye sai da sassafe ko da yamma. Akwai ranakun da ko wuƙar yanka reshen ba na iya riƙewa. Irin su zama nake, in yi ta ba da umarni, abin da Yaya ta ce dama shi na fi iyawa.

Talata, 2 ga Disamba

C3 ya ɗan hau, furotin ya ɗan sauka. Likita ta ce kada mu yi saurin murna, na ce ban yi ba.

Da yamma wani dattijo ya zo neman dashen dabino, ya ji shekarun da yake ɗauka kafin ya haihu, ya ce a'a, a ba shi gwanda. Bayan ya tafi na tsaya ina kallon dashen dabinon. Na sa aka haƙa rami a bayan rumfa, na dasa shi da hannuna.

Ba wata ma'ana ba ce. Ledar ce ta yi masa kaɗan.