Gansakuka a Kwalbar Malama

Daren Litinin, Satumba 1969

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci. Kwana tara ina ɗauka na kashe ciyawar Malama Saratu, jar ciyawar nan mai danƙo kamar raɓa, mai cin ƙwari, wadda ta tono a duwatsun Kuta ta dasa cikin ƙatuwar kwalba. Duk ajinmu ni ta ba ajiyarta da hutu.

Ni kuwa na dulmiya cikin littafin soyayyar da na aro, na manta da ita mako guda. Da na duba, wani kore-kore ya lulluɓe tsingaron da na tokare ta da shi, har ya fara hawa gilashi. Inna ta ce, "Ke, abin nan ya ruɓe! Kawo in dirje shi da toka." Na ɓoye kwalbar bayan randa ina hawaye.

Yau na kai ta makaranta, na miƙa wa Malama. Ta ɗaga kwalbar wajen haske ta duba, sai ta kwashe da dariya. "Hajara, gansakuka ce! Wurin ne ya yi mata daɗi. Matso ki gani." Cikin koren nan, a kan tsingarona, ga jajayen 'ya'yan ciyawar guda huɗu, kowanne kamar ƙwayar gero.

Da na bar Inna da tokarta fa?

Tsingaron nan na tulun da na fasa ne bara, na sha faɗa kamar me. Gobe zan gaya wa Inna tulunta ya haihu.