Kunun Bello Ya Yi Kumfa

Greensboro, 12 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Yaya Jimmai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Nikodimu da yara da duk mutanen Bukuru. Ya damina? Mu nan lafiya lau, sai kewar gida.

Na san ƙanenki Choji ya rubuto miki cewa an sa ranar aurensa da Malika ƙarshen Yuli. Abin da bai faɗa miki ba shi ne mun ɓata. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma yanzu magana ba ta wuce "sannu" da "yauwa".

Ga yadda aka yi. Ya ce ni ne babban abokin ango, ni zan tsaya kusa da shi a coci. Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. Ashe a ƙasar nan babban aboki yana da wani aiki: shi ke tara maza kafin biki a yi wa ango shagalin bankwana da gwauranci. Darnell, yayan amarya, har ya zaɓi wuri. Wani ƙaramin gidan dafa giya ne a bayan gari, inda ake zagayawa da baƙi a nuna musu manyan tukwane, sannan a bi su da ƙananan kofuna su ɗanɗana iri-iri. Wai ni Bello ɗan Malam Hudu in shige gaba in ce, "Jama'a, ku biyo ni."

Na ce, "Choji, ka san ba zan iya ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka sha, man? Ka shiga kawai."

Na ce ba zan shiga ba, ba kuma zan gayyaci kowa can ba. Sai ya dube ni ya ce, "Shekarun da ka zauna a gidanmu kana sakandare, me Ngo take dafawa a bayan gida?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Shi ke nan. Darnell zai tsaya min."

Yaya, maganar nan ta yi min ciwo. Ngo mahaifiyarku ce, amma ni ma ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ba ta taɓa sa na ji ni baƙo ne ba. In Darnell ya tsaya a wurina ranar auren Choji, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Na yi shawara da zuciyata. Gidan giya ba zan je ba, amma ciki dole ya ci. Su je yawonsu, su dawo su tarar da ni da tsire. Don Allah ki aiko min da yajin Bukuru in kin sami mai zuwa, ki kuma rubuto min yadda Ngo take yin kunun zaƙin da take ba ni ranar da take dafa burukutu. Ko bakina ya kasa, wataƙila kunun ya yi min magana.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Bello

*

Bukuru, 5 ga Yuni, 1996

Bello,

Na sami wasiƙarka, muna lafiya, mun gode Allah. Ruwa yana sauka sosai, dankali ya yi kyau. Baban Nikodimu yana gaishe ka.

Ku biyun nan! Kun ƙetare teku, kun tara digiri, amma hankalinku yana nan Bukuru ina ajiye muku. Da ina kusa da na haɗa kawunanku na gwara. Bizar ma sun hana ni, sai dai in yi faɗan a takarda.

Kai ba ka yi laifi ba da ka ƙi shiga, kada ka canza. Shi kuma ba giyar Turawa yake nema ba. Ka manta Ngo ta rasu yana can? Bai zo jana'iza ba saboda tsoron kada a hana shi komawa. Da muka yi magana a wayar maƙwabta, sai tambaya yake wa ya kawo kujeru, wa ya yi wa'azi. Ko muryarsa ba ta girgiza ba. Yaron nan har yau bai yi wa uwarsa kuka ba, abin na zaune a ƙirjinsa. Yanzu ga aure, ba uwa ba yaya, kai kaɗai ne na gida. Da ka ce a'a, gani ya yi gidan gaba ɗaya ya ce masa a'a.

Yaji yana hannun wani fasto da zai zo taro ƙasarku, zai sa maka a gidan waya. Na Mai Nama ne na bakin tasha, kada ka ba Turawa da yawa su mutu mana.

Kunu kuma, ka buɗe kunne. Ka ɗebi dawa kaɗan ka jiƙa, ka shimfiɗa a kan buhu ka rufe, kana yayyafa ruwa har ta tsira, sai ka shanya. Sauran dawar ka jiƙa ta, ka niƙa da citta da kanumfari da masoro. Ka raba ƙullun biyu. Rabi ka dama da tafasasshen ruwa, in ya huce ka zuba ɗanyen rabin da garin tsiron. Ka rufe ya kwana, da safe ka tace. Tsiron nan shi ne zaƙin, Ngo ba ta yarda da sukari. Da kununka da burukutunta tsiro ɗaya take yi musu, daga baya ne suke rabuwa. Naka tukunyarsa daban, ludayinsa daban, ƙwaryarka daban. Wanda ya taɓa ƙwaryar nan ranar ya sha duka, ni shaida ce.

Ka yi haƙuri da shi. Allah ya kiyaye ku.

Yayarka,
Jimmai

*

Greensboro, 18 ga Yuli, 1996

Yaya Jimmai,

Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaji ya iso, Allah ya saka da alheri. Da na buɗe ƙunshin sai da na yi atishawa har maƙwabcinmu ya buga bango.

Jibi Asabar ne shagalin, kuma ki taya ni murna, komai ya kammala. Dawa na same ta a shagon wasu Indiyawa a High Point Road. Wurin shimfiɗa ta ne ya gagara, sai na yi a bahon wanka. Choji ya yi kwanaki yana wanka a tsaye a gefe kamar zakara, bai tambaye ni ba, ni ma ban ce masa komai ba. Sau ɗaya na kama shi ya tsuguna yana kallon tsiron, da ya ji motsina ya miƙe.

Rago kuma ni da Tahirou muka je McLeansville wurin wani manomi. Tahirou ɗan Nijar ne mai tuƙa tasi, kafin ya zo nan tsire yake yi a Maraɗi. Ya duba haƙoran ragon, ya matsa bayansa, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, wannan ya yi." Muka fuskantar da shi alƙibla muka yanka, manomin ya cire hularsa har muka gama. A gidan surukin Choji za a yi, a Pleasant Garden, filin gidan ya kai a buga ƙwallo.

Kunu na yi shi tun jiya Laraba, don yau da gobe ina da aiki a makaranta. Na ɗanɗana da na tace, wallahi kamar Ngo ce ta miƙo min. Ya yi yawa, firjinmu ba zai ɗauka ba, sai na juye shi a babbar roba mai murfi, na toshe sosai don ƙuda, na kai garejin surukin na ajiye. Ana wani irin zafi mai gumi a garin nan da ko Sakkwato sai ta sara masa, amma garejin akwai inuwa. Ina zaton ma zai ƙara daɗi in ya zauna.

Har yanzu bai ce min komai game da tsayawa a coci ba. An kawo kwat ɗin babban aboki, tana rataye a ɗakinsa, ban san ko awon wa aka yi ba. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Bello

*

Greensboro, 30 ga Yuli, 1996

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya yara? An ɗaura, Yaya, ƙanenki ya zama magidanci. Hotuna na tafe. Malika tana gaishe ki, ta koyi cewa "ina kwana", da rana ma shi take faɗa.

Amma ba labarin coci zan fara ba. Bari in ba ki na Asabar ɗin da ta gabace shi.

Mun je gidan giyar da hantsi, ni da Darnell da abokansa. Wuri mai tsabta kamar asibiti, tukwanen ƙarfe sun fi ɗakinmu na gida tsawo. Wani mai gemu yana ta bayani, ana ba mu baƙa, ana ba mu ja, ana ba mu wata wai da zuma. Kowa na dariya yana dukan kafaɗata. Da muka zo inda ake tafasa hatsin, tururi ya bugi hancina, ya yi kusa da ƙamshin bayan gidanmu, amma bai kai ba. Sai na juya in ce wa Bello, "Ka ji?" Babu Bello. Daga nan komai ya fita raina.

Da la'asar muka koma Pleasant Garden. Tun daga titi muke jin ƙamshin tsire. Tahirou na juya nama, Bello ya ɗaura zani a kan wando yana barbaɗa yaji, ga masa, ga albasa da tumatir. Darnell ya ci tsinke ɗaya, hawaye ya zubo, ya miƙa hannu a ƙara. Sai Bello ya ce akwai abin sha daga gida, ya jawo wata roba daga gareji, ta kumbura kamar mai ciki. Yana taɓa murfin ya yi tsalle sama, fuuu, kumfa ta biyo baya har ƙafarsa.

Darnell ya riga kowa tsoma kofi. Ya kurɓa, ya zaro ido, ya ce da Turanci wannan ta fi duk waɗanda muka sha yau, wa ya dafa? Tahirou ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya ya ce, "Malam Bello, wallahi ka yi giya."

Da kin ga fuskar Bello. Mutumin da ya ƙi taka ƙofar gidan giya, ga shi ya cika roba da hannunsa. Sai "subhanallahi" yake ta faɗa. Na buɗe baki zan yi dariya, sai ƙamshin ya iso ni.

Yaya, Ngo ce. Tsamin nan, da ɗumin nan, da ƙamshin zaninta in ta fito daga bayan gida ta ɗauke ni. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na rungume robar nan a gaban surukina da baƙi ina kiran Ngo, ina kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na kasa dainawa.

Bello ya riga ya kama hannun robar zai kifar. Da ya gan ni sai ya saki. Ya ce a hankali, "Na bar maka shi, Choji. Ni zan koma wurin nama." Ya juya zai tafi. Na san nauyin maganar nan a wurinsa, ni da na san mahaifinsa Malam Hudu.

Na ce, "A'a. Zo ka kama min."

Muka ɗauka tare, shi gefe ni gefe, muka kai gindin wata babbar bishiya a ƙarshen filin. Na shaƙi ƙamshin na ƙarshe, muka tuntsurar. Darnell yana ihu daga nesa wai mun yi ɓarna. Muka tsaya muna kallon ƙasa tana shanyewa. Na ce masa ya yafe min abin da na faɗa. Ya ce in rufe masa baki, nama na ƙonewa.

Da shayi mai ƙanƙara muka ci ragon, ko ƙashi ba a bari ba. Kwat ɗin kuwa tun farko awon Bello na bayar, girman kai ne ya hana ni faɗa. Shi ya tsaya kusa da ni, shi ya miƙo zobe.

Ki gai da Baban Nikodimu da yara.

Ƙanenki,
Choji

*

Bukuru, 21 ga Agusta, 1996

Choji da Bello,

Ina gaishe ku, ina gai da amaryarmu. Allah ya ba da zaman lafiya.

Wasiƙar Bello ce ta fara zuwa. A gidan waya na karanta, da na kai wurin Laraba da gareji na ɗora hannu a ka na yi salati irin naku, Bello, har mutane suka taru. Na manta ban rubuta maka cewa a ranar ake shanyewa ba. Wa zai zaci sai an gaya wa mai digiri biyu?

Choji, akwai maganar da na ajiye maka sai ranar da ka iya kuka. Daren da Ngo za ta tafi ba ta tambaya ko za ka zo ba. Cewa ta yi, "Bello yana wurinsa?" Na ce yana nan. Ta ce, "To ku bar min yaro ya yi karatunsa, ba shi kaɗai ba ne."

Bello, ƙwaryarka tana nan rataye inda ta bar ta, ba wanda ya taɓa. Na sauke na wanke. Mai zuwa na gaba zai kawo maka.

Ku zauna lafiya.

Yayarku,
Jimmai