Guntun Jarida a Kabarin Baba

Gaisuwa daga ni Mancang, sarkin noman dankali na ƙungiyar noma ta uku a ƙauyenmu, zuwa ga Yaya Yaozu da matarsa da 'ya'yansa da duk masu cin nama a Hong Kong. Kakanni su ƙara muku lafiya. Rubutun nan nawa ne da hannuna, in ya ƙi karantuwa idonka ne ya tsufa. Mama na nan, ƙafar ce dai ke damunta.

Ka tuna ran da Babban Shugaba ya mutu, kafin ka yi iyo ka tsallake zuwa Hong Kong, muka ce yanzu za a sarara? Shekara sha ɗaya ke nan. Waɗanda suka gaji kujerar sun fi shi zafi, mu dai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

To ga abin da ya faru. Ranar sharar kabari Mama ta ce ta yi mafarkin Baba yana yawo ba ko takalmi, dole a ƙona masa takardar kuɗin matattu ya samu na saye a lahira. Ka san an hana, ba mai saidawa. Sai ta yanka tsohuwar jarida ta lallaɓa ta ƙona a kabarinsa. Iska ta ɗauke guntu ɗaya da bai cinye ba, ashe rabin hoton fuskar Shugaba ne a jiki. Gurgu Deng mai gadin rumbu ya tsinta ya kai wa kwamitin hukuma na gari.

Da suka zo na ce ni na ƙona. Sakataren kwamiti ya ce ya san ƙarya nake, tunda ko kabarin ban san hanyarsa ba. Na ce ai ban taɓa ƙarya ba sai kan girman dankalina. Ba wanda ya yi dariya. An tara gari, an rataya min allon laifi a wuya, aka sa Mama a layin gaba ta ɗaga hannu tare da kowa a la'ance ni. Ta ɗaga, ni na ƙifta mata ido ta yi.

Shekara bakwai suka ba ni, haƙar kwal a arewa, bayan girbi. Za su ga aiki.

Gai da Anti Shufen da ƙaramin Jiabao. Ka aiko min da rigar sanyi mai auduga ta hannun masuncin da ya kawo maka wannan. In ta iso an riga an tafi da ni, a ba Mama, ba mai yi mata itace bana.

Ƙaninka,
Mancang