Kanwar da Na Saya wa Maijidda

Litinin, 21 ga Yuli, 2025

Yau kwana talatin da haihuwar Raudatu, saura goma a yi arba'in in huta da hura wuta. Shekara bakwai yarinyar nan tana jiran haihuwa a gidan miji. Da Allah ya kawo Ikrima na ce babu mai yi mata wankan jego sai ni uwarta, a gidan ubanta. Safe da yamma nake tafasa ruwa a babbar tukunya, in tsoma ganyen darbejiya in yi ta fyaɗa mata har jikinta ya yi ja, sannan kunun kanwa kofi biyu da yaji. Haka Inna ta yi mini sau shida, ga ni nan garau. Shekara talatin na yi a tsaye gaban allo a firamare, ban taɓa neman kujera ba.

Ƙafar Raudatu dai ta ɗan kumbura tun shekaranjiya. Sanyin damina ne ke neman shigarta. Gobe zan ƙara itace.

Alhamis, 24 ga Yuli

Daga ɗaki zuwa makewayi sai da ta tsaya sau biyu tana haki. Ga tari. Wai ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. 'Ya'yan yanzu ke nan, jiki kamar takarda. Na ƙara mata kanwa a kunu, na ce ta daure, saura mako guda. Malam maigidana ya dawo daga gona ya ce ko a kai ta a duba. Na ce masa shi ya ji da ciyawar geronsa, jego ba aikin maza ba ne.

Lahadi, 27 ga Yuli

Mijinta Abdulkabir ya zo ganin yaro da hantsi. Yana ganin fuskarta ya fita ya samo mota. An riƙe ta a asibitin ƙaramar hukuma. Ko sallama bai yi mini ba da za su tafi, sai da na bi su a kan babur da zanen goyo a hannu.

Litinin, 28 ga Yuli

Ba zan manta da yau ba, shi ya sa nake rubutawa tun raina yana tafasa.

Likitan yaro ne, da ƙyar in ya kai sa'an Muntaka ɗana na biyu. Ya danna ƙafarta, yatsansa ya bar rami. Ya ɗora abin sauraro a bayanta, ya juyo ya tambayi wa ke yi mata wanka. Na ce ni ce, har da ɗan alfahari, wautata. Sai ya ce, a gaban nas-nas, a gaban matan da ke sauran gadajen, a gaban surukina:

"Hajiya, ku ne kuke kashe yaran nan. Kanwa gishiri ce. Kun cika mata jiki da ruwa, kun dafa ta safe da yamma, zuciyarta ta gaji."

Kashewa. Ni da na yi ta zuwa wurin malamai da asibitoci shekara bakwai don ta samu ɗan nan. Da a ajina yake da na san yadda zan yi da bakinsa. Abdulkabir, wanda tun da ya auri 'yata bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba don kunya, yau ya dube ni sosai. Na gwammace ya zage ni.

Alhamis, 31 ga Yuli

Yau arba'in. Kayan da na ɗinka mata na komawa ɗakin miji suna nan a ninke.

Asabar, 2 ga Agusta

Sun tura ta Kano wurin masu ciwon zuciya. Abdulkabir ya tsaya a zaure ya faɗa wa Malam cewa yayarsa Huseina ce za ta zauna da ita, kuma kada a kawo wani abinci daga gidan nan. Daga gidan nan! Gidan da ta ci tuwonsa shekara ashirin ta yi ƙiba har ya gan ta ya so. Malam ya shigo ya isar da saƙon yana kallon ƙasa, kamar mai karanta wasiƙar da ba shi ya rubuta ba. Bai kare ni da kalma ɗaya ba.

Matan unguwa sun yi ta shigowa jaje. Kaltume maƙwabciyata ta ce ita ma haka ta yi wa nata huɗu, ba abin da ya same su, likitoci ne da neman wanda za su ɗora wa. Na ji daɗi. Amma tana fita na ji ta a bayan katanga tana ce wa wata, ai Malama hannunta da nauyi wurin kanwa.

Talata, 12 ga Agusta

Na gaji da zaman jiran labari ta waya. Na hau bas a Tsanyawa na tafi Kano, kowa ya ji haushi ya sha ruwa.

Ta rame a fuska, ƙafar ta saɓe saboda ƙwayar fitsari da suke ba ta. Na tarar za a sake yi mata hoton zuciya, Huseina ta so ta tare ƙofa, na wuce ta kamar ban gan ta ba. Likitar mace ce, babba, mai magana a hankali. Ta nuna mini a jikin na'ura: wani abu baƙi da fari yana matsewa da ƙyar, kamar hannun tsohuwa yana matse tsumma. Wai zuciyar ta buɗe ta yi faɗi, rabin aikinta ma ba ta yi. Zuciyar da na ɗauka a cikina wata tara, yau na fara ganinta.

Na faɗa mata abin da yaron likitan can ya ce. Ta ce likitocin zamanin da sun daɗe suna ɗora laifin kan wanka da kanwa, su ma haka aka koya musu a makaranta. Daga baya aka bi mata da yawa, masu wankan da marasa yi, ba a samu abin da ya tabbatar ba. Akwai matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, har a ƙasashen Turawa, suna kamuwa da irinsa bayan haihuwa. Wasu na zargin hawan jini lokacin ciki, wasu ƙarancin wani sinadari a abincinmu, wasu gado. Har yau, in ji ta, in suka haɗu a taro gardama suke yi.

Na ɗaga murya don Huseina ta ji, na ce, to ba ni ba ce ke nan.

"Ban ce ke ce ba, Mama. Ban kuma ce ba ke ba ce. Ba mu sani ba. Abin da babu gardama a kansa, zuciyar da ta fara gajiya, gishiri da kanwa nauyi suke ƙara mata, kuma wadda aka kawo da wuri ta fi samun sauƙi. Kwana nawa ta yi da kumburin kafin a kawo ta?"

Na ce biyu. Raudatu ta juya fuska bango.

Laraba, 13 ga Agusta

Na kwana a gidan ƙanwar Malam, na koma da safe. A gabana likitoci biyu suka tsaya kan gadonta suna musu da Turanci, sun ɗauka tsohuwar ƙauye ba ta ji. Ɗaya yana cewa a ba ta ƙwayar da ke busar da nono, wai tana taimakon zuciya. Ɗayar tana cewa hujjar ba ta yi ƙarfin da za a raba jariri da nono ba, a inda ruwan haɗa madara ma sai an tafasa. Da suka gaji suka juyo da Hausa suka ce Raudatu ta zaɓa. Sun yi shekara da shekaru suna karatu, zaɓin kuma sai yarinyar da ba ta iya gama jimla ba tare da ta huta ba. Ta ce a bar mata ɗanta.

Su ba su san komai ba, amma ni aka tsayar a gaban jama'a aka kira mai kisa. Wa zai je ya tsayar da yaron can ya janye maganarsa?

Juma'a, 29 ga Agusta

An sallame ta. Kai tsaye gidan miji a Zakirai, da leda cike da ƙwayoyi. An ce ban da gishiri, ban da aikin wahala, ban da wani cikin sai abin da hoto ya nuna nan gaba. Na faɗa wa Malam maganar babbar likita sau uku. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ko "ashe ba laifinki ba ne" bai iya cewa ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Maijidda autata ta kira daga Tofa. Watan haihuwarta ya kusa, cikin fari, tana tambaya ko ta taho gida ko ta zauna can. Na ji yadda take jan maganar, na san an yi mata famfo. Na ce in ba ta zo ba kada ta ƙara kirana uwa. Ranar kasuwar da ta wuce na sayi kanwa, ja mai kyau, cikin kwano, na sa mai tallan ya ɗaure mini a farar leda don duk wanda ke bas ya gani. Na ajiye ta a kan randa inda Malam zai gani duk lokacin da ya zo shan ruwa. Babu wanda ya tabbatar da komai, likita ce ta faɗa.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na je Zakirai. Abdulkabir ya gaishe ni a tsugune kamar da, amma ya tafi da ƙunshin daddawar da na kawo, wai zai ajiye.

Raudatu tana zaune a tabarma, Ikrima yana kuka a gefe. Ta ɗauke shi za ta goya, ta kai shi rabin baya ta sauke, ta zauna tana maida numfashi. Wata uku da haihuwa ba ta taɓa goya ɗanta ba. Na karɓe shi na goya, na shiga ba ta labarin yadda likitoci suka kasa daidaitawa, da yadda Kaltume ta yi wa nata huɗu. Ta bar ni na gama tsaf.

"Inna, ni ban taɓa cewa kanwa ce ba. Amma ranar Alhamis ɗin nan a banɗaki na riƙe hannunki na ce ƙirjina, ki bari. Kika ce in daure."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa da na samu abin mayarwa. Na ce rana ta yi, kada in rasa mota. Sai da na kai bakin titi na ji nauyi a bayana, ashe da yaron na fito, na koma na sauke shi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na buɗe littafin nan baya na ƙirga. Kwana takwas ta yi da kumburin, ba biyu ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Maijidda ta zo tun makon jiya, yau da la'asar ta sauka lafiya a asibiti. Mace. Alhamdu lillahi. Da muka dawo na shiga da tukunya tsakar gida, na ga ta bi ni da ido.

Talata, 21 ga Oktoba

An gama yankan gero, karan bana ɗanye ne, ba ya cin wuta, ruwan wanka ba ya tafasa yadda nake so. Dole da ɗumi-ɗuminsa nake yi mata. Yau ma da na tsoma gwiwar hannu na ji ya ɗan yi zafi sai na zuba bokiti guda na sanyi, don fatarta irin ta ubanta ce, ba ta da juriya.

Kunu kuwa na tsamiya na dama, shi ta fi so tun tana ƙarama. Kaltume ta leƙo ta ɗanɗana, ta tambaye ni ina kanwar. Na ce awaki sun kwana biyu ba sa cin abinci sosai, na zuba musu a kwatarniya suna lasa. Ai su ma suna da hakki a kaina.

Bayan wanka na ce ta miƙo ƙafarta in shafa mata mai. Na danna da babban yatsa a saman idon sawu, na ɗaga, na duba. Babu rami. Na danna ɗayar. Ta ce, "Inna, sau uku ke nan yau." Na ce man ne bai shiga ba.